Ranar da Aka Yi Layi a Bayan Babana

Da hantsi suka zo, kuma ba su harba ko sau ɗaya ba. Wannan ne ya fi ba mu tsoro. Mun saba idan mutanen daji za su shigo ƙauyenmu, tun daga fadama ake jin ƙarar bindiga, kowa ya san inda zai nufa. Ran nan sai ƙugin babura kawai, a hankali, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ina tsakar gida ina shanya kuɓewa a kan tabarma, Inna tana tankaɗe. Ta ɗaga kai ta saurara, ta ajiye rariyar.

Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Sabon Birni. Ba za ni faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai mutanenmu a ciki. A lokacin na gama sakandare a Isa, ina gida ina jiran abin da Allah zai yi. Mai garinmu ya daɗe da komawa Sakkwato tun da aka ɗauke ƙanensa. Kansilan da muka zaɓa, rabonmu da shi tun ranar da ya zo godiya. Firamare a rufe take, awaki ke kwana cikin azuzuwan. An samu an girbe geron da ke kusa da gida, amma dawa tana tsaye a gonakin nesa, ta nuna, ba mai iya zuwa yankanta.

Suka bi gida gida suna cewa kowa ya fito filin makaranta, maza da mata. A wannan filin ake kafa rumfar zaɓe. Nan na taɓa jefa ƙuri'ata ta farko, na yini ina kallon tawadar da ke babban yatsana ina jin na zama mutum.

Babbansu yaro ne, ba zai girme ni da yawa ba. Ya sa aka fito masa da bencin 'yan makaranta ya zauna, bindiga a kan cinya. Ya yi sallama, muka amsa. Har cewa ya yi ba mu amsa da ƙarfi ba, muka sake.

"Ina mai garinku?" ya ce.

Ya amsa wa kansa.

"Shina Sakkwato shina shan iska. Ina kansila? Ina ciyaman? To gari ba ya zama hakanan ba shugaba. Yau za ku zaɓi wanda za mu riƙa magana da shi. Ku za ku zaɓa da kanku. Mu ba mu maguɗi."

Yaransa suka yi dariya. Wani tsoho a cikinmu ma ya yi, don tsoro.

Ya nuna maza uku ya ce su fito gaba. Na farko mahaucin garin. Na biyu wani mutum da ke raba gishiri da sabulu lokacin kamfen. Na uku Baba.

Baba ba shi da sarauta, ba ya siyasa. Manomi ne. Sai dai mahaifiyarsa Bafillata ce daga wata ruga wajen Tozai, ya tashi yana jin Fillanci kamar Hausa. Duk lokacin da shanu suka shiga gonar wani, shi ake kira. Ya je ya duba, ya zauna da makiyayi da manomi ƙarƙashin itace, su tashi ba wanda ya zagi wani. Ina jin labarin wannan ne ya kai daji.

"Kowa shi tsaya bayan wanda yake so," in ji yaron. "Mata ma. Ai gwamnati na ƙirga mata, mu ma muna ƙirgawa."

Dole in bayyana wani abu ga wanda ba ɗan wajenmu ba. A wurinmu layi a bayan mutum girmamawa ce. Haka ake yi idan jam'iyya za ta tsayar da ɗan takara, haka aka yi da za a zaɓi shugaban manoma, haka ake yi ko shugaban 'yan kabu-kabu za a naɗa. Ba a ɓoyewa. Kana tsaye, maƙwabcinka yana ganin inda ka tsaya. Idan ka ƙi tsayawa bayan mutumin da ya taɓa yi maka alheri, za a tuna maka da shi har ranar sunan jikanka. To mutane suna cikin ruɗu, bindigogi sun zagaye su, aka ce su yi layi, sai ƙafafunsu suka yi abin da suka saba. Suka nufi bayan mutumin kirki.

Ina kallo garin gaba ɗaya ya kwarara bayan Baba. Liman, da masu shago, da matan aure da goyo. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ja hannuna muka shiga. Layin ya yi tsawo har ya lanƙwasa ta bayan ajin da rufinsa ya yaye.

Inna kaɗai ta ware. Ta gyara mayafinta, ta taka a hankali, ta je ta tsaya bayan mahauci, ita da matarsa da 'ya'yansa. Na ji matan da ke gabana sun fara ƙus-ƙus.

"Ke duba matar ga," Gwaggo ta ce a kunnena. "Gaban mutane za ta kunyata shi."

Baba bai waiwayo ba. Bayansa kawai nake gani, rigarsa ta jiƙe da zufa ta manne.

Ba su ma ƙirga ba. Yaron ya tashi ya kama hannun Baba ya ɗaga sama kamar yadda ake yi wa ɗan takara. Wani ya kwance rawanin da ke wuyansa, mai ƙaurin hayaƙi da fetur, ya naɗa wa Baba a karkace. Wani kuma yana ɗauka da waya, yana zagayawa, yana cewa mu tafa. Muka tafa. Ni ma na tafa. Har yau ina jin ƙarar tafin nan.

Da suka tafi, wasu har barka suka zo yi. Wani maƙwabcinmu ya ce, "Alhamdu lillahi, gara kai, kai ka iya magana da su." Baba ya cire rawanin ya rataye a ƙusa cikin zaure, ya shigo gida. Gwaggo ta biyo shi tana faɗa, tana cewa a tambayi Inna abin da ya yi mata.

Inna tana zaune bakin murhu da ba wuta. Ta ce, "Ku kun ɗauka sarauta kunka ba shi? Kun miƙa shi ne. Ni ban iya miƙa shi."

Ni sai a lokacin na gane abin da muka yi.

Darasin Gwamnati shi na fi so a makaranta. Malaminmu yakan ce mulki na jama'a ne, su ke ba da aronsa ga wanda suka zaɓa, su karɓe idan ya saɓa. Yakan ce aikin gwamnati na farko shi ne ta tsare ran mutum, sauran duk bayan wannan suke. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci. Ban taɓa tunanin za ni ga an ɗauki zaɓe, da layinsa da ɗaga hannunsa da tafinsa, an yi shi tsaf ba tare da akwai zaɓi a ciki ba.

Aikin da suka ɗora wa Baba shi ne kai saƙo da kawo saƙo. Su kira shi a waya, ya tashi ko yana cin abinci. Wani lokaci su aiko babur a tafi da shi daji, mu zauna muna jira har ya dawo. Shi ya roƙa har suka bari aka yanki dawa. Shi ya je ya dawo da wata mata da aka ɗauke a hanyar rijiya. Mutane suka fara kawo masa ƙara a zaure, rikicin iyakar gona, rikicin aure. Yana ce musu, "Ni ba sarki ba ne, ku bari." Su ce to wa za su kai wa? Wasu har suka fara ce masa ranka shi daɗe. Duk wanda ya faɗa, sai in ga fuskar Baba ta canza kamar an mare shi.

Ya rame. Ya daina zama cikin mutane bayan la'asar. Wata rana ina zuba masa ruwan alwala ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ke da kinka yi boko, a littafinku wanda anka zaɓa shina iya cewa ya gaji?"

Na ce yana iyawa, sai ya ajiye aiki.

"Wa zai kai wa takardar?" ya ce. Ya yi ɗan murmushi, ya ci gaba da alwalarsa.

Bidiyon nan kuwa ya yi tafiya. Daga waya zuwa waya, har ƙawayena na makaranta suka gani. Ba a ganin bindigogin da ke bayanmu a ciki, mai ɗaukar ya san inda ya tsaya. Abin da ake gani shi ne Baba da rawani, hannunsa cikin hannun ɗan bindiga, gari guda yana tafi.

Ranar wata kasuwa Baba ya shiga mota zai je sayo wa Inna maganin hawan jini. A wani shingen bincike aka tsayar da su, wani jami'i ya leƙa, ya dubi wayarsa, ya dubi Baba, ya ce ya sauko. Direban ne ya dawo ya faɗa mana. Ya kawo hular Baba da ta faɗi a kan kujera.

Kawu, yayan Inna, yana zaune a Isa yana ɗinki. Washegari na bi motar farko na same shi, muka shiga nema. Aka yi ta tura mu daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ofishin da muka sami Baba a ƙarshe, ba za ni faɗi ko wane ne ba, ko garin da yake. Ba su bari mun gan shi ba. Wani jami'i mai furfura a gemu ya saurare mu a baranda, yana cin gyaɗa.

Ban san inda na samu bakin magana ba. Na ce, "Yallaɓai, an koya muna doka ta ce ba a tsare mutum sai an gaya mai laihinai, kuma a kai shi gaban alƙali ba da daɗewa ba."

Ya dube ni, ba da fushi ba. "'Yar boko ce ashe. To ɗiyata, amsa min. An zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba?"

Na ce an tilasta mu ne.

"Ni ban ga tilas ba, tafi na gani. Kin san mutum nawa anka kashe muna a hanyar ga? Wani ke gaya masu sa'ad da muka fitowa. Ga mutum da rawaninsu a kai. In ke ce ni, mi za ki yi?"

Kawu ya ce, "Yallaɓai, a kai shi kotu mana, a bincika."

"Alƙalin da kansa daga Sakkwato yake zuwa, in hanya ta yi kyau." Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. "Ku tai ku zo da waɗanda sunka yi layin. Su zo da bakinsu su ce da bindiga anka tsai da su. In manyan gari sun shaida, sai mu gani."

Na fito da ɗan sanyi a raina. Gari guda ya tsaya a bayansa, na ce ko rabin rabi suka zo ai ya isa.

Muka koma ƙauye ni da Kawu, muka fara da liman. Ya karɓe mu da kyau, ya yi addu'a mai tsawo. Da Kawu ya faɗi abin da ya kawo mu, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce idan ya je ya ce an tilasta su, kafin ya dawo maganar ta riga shi zuwa daji. Idan kuma ya ce ya tsaya a layin, su ma jami'an suna iya riƙe shi. Ya ce, "Ni fa ranar nan ban tuna daidai inda nit tsaya ba."

Maƙwabcinmu mai barka ya ce shi bayan mahauci ya tsaya. Mai shagon da Baba ya taɓa raba shi da rigima ya ce shi ma bayan mahauci. Mijin matar da Baba ya dawo da ita daga daji bai fito ba, aka ce ba ya nan, alhali takalmansa suna bakin ƙofa. Kafin azahar duk garin ya koma layin mahauci.

Da muka bi ta rumfarsa, mahaucin yana kaɗa ƙuda daga kan nama. Ya ce wa Kawu, "Ashe ni nac ci zaɓen ga ban sani ba." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

Ban ji haushinsu ba a lokacin, mamaki ne ya cika ni. Ina kallon fuskokin da na sani tun ina rarrafe, suna faɗin abin da ni da su muka san ba haka ba ne, idonsu cike da kunya.

Kawu ya kira kansila a waya, ya sa a fili don in ji. Kansilan ya jajanta, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya ce ko shi ba ya iya taka ƙauyen. Kawu ya ce, "Amma ai kai munka zaɓa." Ya ce ya sani, za ya yi magana da na sama. Ba mu sake samun wayarsa ba.

Ana haka mutanen daji suka aiko. Suka ce ina mutuminsu? Idan gwamnati ta riƙe shi, to a shirya sabon zaɓe.

Gwaggo ce ta fara ɗaura mayafi. Tun ranar layin ba ta yi wa Inna magana mai daɗi ba, amma ran nan ta shigo ta tsaya a kanta ta ce, "Tashi mu tai. Ni na tsaya bayanai, kowa ya gane ni. In riƙewa za su yi, su riƙe ni." Ta bi gidaje ta ƙofar mata. Maza ba su hana ba, ba su kuma ce a je ba. Tsofaffi suka fito, da wasu matan aure, har da matar da Baba ya dawo da ita, ta fito da goyonta ba ta tambayi kowa ba. Muka cika bayan wata motar ɗaukar hatsi.

A barandar ofishin muka zauna a ƙasa. Jami'in mai furfura ya fito ya ce manyan gari ya ce a kawo. Wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ta ce, "Yaro, duk garin akwai wanda yag girme ni?" Ya sa aka kawo kujera ya zauna.

Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa. Inda babura suka tsaya, inda masu bindiga suka tsaya, wanda ya ce a tafa. Da aka zo kan Inna, ya tambaye ta ko ita ma ta yi layin. Ta ce a'a, bayan wani ta tsaya.

"Mijinki, ki ƙi tsayawa bayanai?"

"Don na san nan za ya ƙare," ta ce. "Ko nan, ko rami."

Ba a sake shi ran nan ba. Mun yi ta zuwa, har wasu matan suka gaji suka koma. Wata rana da rana tsaka aka fito da shi ta ƙofar gefe, ba takalmi, gemunsa ya yi fari fat. Ba a kai shi kotu ba. Ba wanda ya ce yana da laifi, ba wanda ya ce ba shi da shi. Abin da aka gaya masa kawai, kada a sake ganinsa a ƙauyen, idan aka gan shi to ya tabbata nasu ne. Mutanen daji kuwa sun ce idan ya dawo yana da bayanin da zai yi musu, don ba su san abin da ya faɗa a ciki ba.

Yanzu muna Isa, a ɗaki ɗaya bayan shagon Kawu. Dawar da Baba ya roƙa aka yanka tana can cikin rumbunmu, ba mu ci ko tsaba ba. Ba ya fita sai masallaci. Ni kuma ko a bakin famfo na ga mata sun jeru da jarkoki, sai in koma gefe in jira a watse.

Kwanan baya wani ɗan garinmu ya zo kawo ɗinki, ya shigo gaishe da Baba. Ya ce an yi sabon zaɓen, a filin makaranta, kamar wancan. Baba ya tambaya wa aka tsayar. Mutumin ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Akwai wani bawan Allah mai gyaran takalma a bakin masallacinmu, ya zo daga Nijar tun ina ƙarama, ba mata, ba ɗa, ba dangi a garin. Wannan karon mutane sun yi shawara tun kafin babura su iso. Da aka ce a yi layi, gaba ɗaya suka tsaya a bayansa.

"Ya yarda?" in ji Baba.

"Ba a tambaye shi ba."

Inna ta daina tsintar shinkafar da ke gabanta.

"Ƙafarsa guda ba ta da lafiya," Baba ya ce a hankali. "In sun kira shi daji, nisa gare shi. Ku ce a riƙa kai shi da babur."

Mutumin ya ce to, za a faɗa. Ya tashi ya yi sallama, ya manta da ɗinkin da ya kawo.